Lokacin da Teku ke Yin Fari a Esashi

Akwai wata magana da mutanen Esashi ke tinƙaho da ita har gobe, wai abin da ake gani a garinsu a watan biyar ko a Edo ba a ganinsa. Edo ita ce Tokyo ta yau, kuma a zamanin da aka ƙirƙiro maganar tana cikin biranen da suka fi yawan jama'a a duniya. Esashi kuwa ɗan gari ne a gaɓar Tekun Japan, kudu maso yammacin tsibirin Hokkaido, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga Hakodate. A ƙidayar 2020 mutanensa ba su kai 7,500 ba. Wanda ya ji irin wannan cika baki daga bakin irin wannan gari zai ɗauka shaci-faɗi ne na tsofaffi, amma maganar tana da tushe, kuma tushen nata kifi ne.

Japanawa na kiran kifin nishin. Ɗan'uwa ne ga wanda ake sayar mana a daskare da sunan shawa, sai dai namu daga Tekun Atlantika ake kawo shi, nasu kuwa na arewacin Fasifik ne. A ƙarshen sanyi, in ƙanƙara ta fara narkewa, sai kifin ya taso daga zurfi ya nufo gaɓa domin ya zuba ƙwai a jikin ciyawar teku. Matan su zuba ƙwai, mazan su saki maniyyi, kuma saboda tsabar yawansu sai ruwan bakin gaɓa ya juye ya yi fari kamar an tsiyaya nono a ciki. Wannan farin ruwa shi ake kira kuki. Ranar da aka wayi gari aka ga kuki, ba mai zama a gida.

Kafin kifi, sai a fara da wurin. Gaɓar yammacin Hokkaido ba ta da daɗin sha'ani ga mai jirgi. Da hunturu wata iska ce ke kaɗowa daga arewa maso yamma, mutanen yankin na ce mata tabakaze, tana taso igiyar ruwa ta maka wa duwatsu. Abin da ya raba Esashi da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita shi ne wani ɗan tsibiri mai shimfiɗaɗɗen kai da ya tokare a gabanta, Kamome, wato tsibirin tsuntsun teku. Zagayensa bai kai kilomita uku ba, amma yana tare iska, sai bayansa ya zama mafaka. Har yanzu ana ganin ramukan da aka fafe a jikin dutsen, inda ake kafa turakun ɗaure jirage. Garin kansa matsattse ne, tudu ya biyo shi ta baya, teku ta tsaya masa a gaba, shi ya sa tsohuwar unguwar ta miƙe siririya a bin gaɓa. Sunan ma ba Japananci ba ne. Daga harshen Ainu ya fito, mutanen da ke zaune a tsibirin tun kafin Japanawa su tsallako, kuma galibi ana fassara shi da wurin da ƙasa ta miƙa kai cikin ruwa. Akwai wani Esashin a can arewacin Hokkaido, bakin Tekun Okhotsk, wanda rubutunsa daban ne, labarinsa ma daban.

A lokacin ba a ce wa tsibirin Hokkaido, Ezo ake cewa, kuma kusurwar kudu kawai Japanawa ke riƙe da ita, ƙarƙashin gidan sarautar Matsumae. Wannan gida yana da wata matsala da ta bambanta shi da sauran hakiman ƙasar. A Japan ta wancan zamani da shinkafa ake auna darajar hakimi, da ita yake biyan barorinsa, ga shi kuwa sanyin Ezo bai bar shinkafa ta yi ba. Abin da Matsumae ke da shi takarda ce. A 1604 Tokugawa Ieyasu, mai riƙe da mulkin Japan a lokacin, ya ba shi izinin cewa shi kaɗai zai yi ciniki da Ainu. Don haka maimakon gona, sai a yanka wa babban bara wani yanki na gaɓa a ce nan ne kasuwarka. Jarumin da ya iya takobi ba lallai ya iya lissafi ba, sannu a hankali sai suka riƙa miƙa wuraren ga 'yan kasuwa a kan kuɗin haya na shekara. Tashoshi uku aka yarda jirage su shiga su biya haraji: Matsumae, Hakodate da Esashi.

Da katako Esashi ta fara. Tsaunukan bayanta cike suke da wani itace mai ƙamshi da ba ya saurin ruɓewa, hiba, kuma daga gare shi yankin ya samo sunan Hiyama. Wajen ƙarshen ƙarni na 17 aka kafa ofishin kula da sare shi a garin. Amma abin da ya mai da Esashi abin kwatance ya faru ne a gonakin da ke nesa da ita da ɗaruruwan kilomita.

A yammacin Japan, musamman kewayen Osaka, manoma sun rungumi noman sayarwa: auduga, da baba ta rini wadda lardin Awa a tsibirin Shikoku ya yi suna da ita, da lemon Kishu, da ganyen da ake matse mai daga irinsa. Duk amfanin gona ne masu cin ƙasa. Da busasshen kifin sadin suke takinsu, to a ƙarni na 18 sai ya yi tsada, buƙata ta fi abin da ake kamawa. Nan idon fatake ya koma arewa, inda kifi ke zuwa da kansa har bakin ƙofa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin garin: mafi yawan kifin da ya gina manyan gidajen Esashi ba cinsa aka yi ba. A ƙasa aka zuba shi. Rigar shuɗi da talakan Edo ke sawa, audugarta da babarta duk sun sha kifin Ezo.

Aikin kuwa ba na rago ba ne. Kakar ba ta wuce wata biyu zuwa uku, kifi kuma ba ya jira. Maza na kan ruwa dare da rana, mata na jigila daga jirgi zuwa rumfa da wani akwatin katako da ake goyawa a baya, mokko. A rumfa a farke cikin kifin da yatsa, a ware ƙwai gefe guda, a shanya. Shi ne kazunoko, wanda har yau ake ci a bikin sabuwar shekara a gidajen Japanawa, don yawan ƙwan fata ne na yawan zuriya. Tsokar baya a yanke ta a rataya ta bushe ƙamas, ta yi watanni ba ta lalace ba. Ragowar, kai da ƙashi da kayan ciki, duk taki ne. Inda kamun ya fi ƙarfin wuƙa kuwa, sai a zuba kifin ɗungurungum cikin manyan tukwanen ƙarfe a dafa, a matse man a sayar don fitila, tunkuzar a farfasa ta a baza a kan tabarmi ta bushe. Tukwanen nan sun ci itace ba kaɗan ba, har tuddan bakin gaɓa da dama suka koma fili. Hannun mutanen gari ba ya isa, don haka duk shekara 'yan ci-rani ke tsallakowa daga arewacin babban tsibirin Honshu, manoman da ƙanƙara ta rufe gonakinsu. Su ake kira yanshu. Su zo da bashi a wuya, su koma da ɗan abin da ya saura bayan mai taru ya cire nasa, in mashaya ba ta riga ta cinye ba.

Watan biyar ɗin da ake magana a kai na tsohuwar kalandar wata ne, ya fi kusa da Yuni a lissafin yau. Lokacin an gama sarrafa kifi, kuma lokacin ne jiragen kitamaebune ke isowa. Waɗannan jirage na katako masu filafili ɗaya babba sukan bar Osaka da ƙarshen sanyi, su ratsa tekun Seto, su zagaya ta Shimonoseki, su haura gaɓar Tekun Japan suna yada zango tasha bayan tasha. Sau ɗaya suke zuwa su dawo a shekara. Ba 'yan dako ba ne da ake biya ladan kaya. Mai jirgi da kuɗinsa yake saye, ya sayar inda ya ga riba, ya sake saye, kamar dai kanti ne ke yawo a kan ruwa. Abin da Ezo ba ta da shi suke kawowa: shinkafa, gishiri, giyar shinkafa, gwanjon tufafi, har igiya da tabarmin bambaro, domin inda ba a noma shinkafa ba a samun bambaronta, ga shi kuma da shi ake ɗaure taki. Su koma da taki, da busasshen kifi, da ciyawar teku ta kombu. Ribar tana cikin jahilcin nesa. Mai sayarwa a Esashi bai san nawa buhu ya kai a Osaka ba, manomin Osaka bai san nawa aka saye shi ba, mai jirgi kaɗai ya san duka biyun.

Gidajen da wannan ciniki ya bari suna nan a tsaye, kuma fasalinsu kaɗai ya isa ya ba da labari. Gidan Nakamura, wanda wani ɗan kasuwar Omi ya gina, fuskarsa na kallon titi, nan shago yake, sannan ya gangara da ɗakunan ajiya ɗaya bayan ɗaya har bakin ruwa, inda a da ƙananan jirage ke sauke kaya kai tsaye. Katakonsa hiba ne na tsaunin baya, amma dutsen harsashinsa daga Echizen aka kawo shi, lardin Fukui na yau, cikin jirgi. 'Yan Omi ɗin nan mutanen bakin tafkin Biwa ne, kusa da Kyoto, ba su da teku a garinsu, amma su suka daɗe suna riƙe da wuyan kasuwar Matsumae. Gidan Yokoyama kuma zuriyar wani mutumin Noto ne. Kusan duk wani mai kuɗi a Esashi baƙo ne ko jikan baƙo. Yau ƙofar bayan gidajen ba ta buɗewa ga teku, an cike gaɓar an shimfiɗa babbar hanya.

Akwai ɓangaren labarin da takardun jawo 'yan yawon buɗe ido ba su cika tsayawa a kansa ba, ni kuwa ina ganin ba a fahimtar arzikin sai da shi. Esashi tana cikin yankin da aka keɓe wa Japanawa, amma kaya da yawa da ke bi ta tasharta daga arewa suke zuwa, daga wuraren kamun da 'yan kasuwa suka yi haya a ƙasar Ainu. A can Ainu sun tashi daga abokan ciniki sun koma leburori. Tun bayan da aka murƙushe boren da suka yi ƙarƙashin Shakushain a 1669 ƙarfinsu ya karye. Aka riƙa kwaso su daga ƙauyukansu zuwa bakin ruwa a daidai lokacin da ya kamata su tanadi abincin hunturu, ana biyansu da 'yar shinkafa da giya da taba, cututtuka irin su agana kuma suka yi musu ɓarna. Sai a 2019 dokar Japan ta ambace su ƙarara a matsayin 'yan asalin ƙasa. Ƙananan masunta Japanawa ma ba su ji daɗin manyan 'yan kasuwar ba. Su da ƙaramar koma suke kamu, waɗancan kuwa sun kafa manyan taruna a arewa masu kwashe garke guda. Da kifi ya ja baya a kudu, masuntan suka ce tarunan ne suka tare shi, har a 1855 wasu daga ƙauyukan wannan gaɓa suka hau jirage suka je suka yayyanke su. Ƙarshenta dai babban taru ne ya yi nasara, don shi ke kawo wa hukuma haraji mai kauri.

Teku ba ta taɓa zama abokiyar amana ba a nan. A 1741 tsibirin Oshima-Oshima da ke can cikin ruwa ya yi aman wuta, igiyar da ta biyo baya ta share ƙauyukan gaɓar, ta kashe mutane kusan 1,500 a ƙasar Matsumae. A Yulin 1993 girgizar ƙasa ta sake tayar da irin wannan igiya, ta fi yi wa tsibirin Okushiri illa, wanda daga Esashi jirgin fasinja ke zuwa can.

Sau ɗaya babban tarihin Japan ya biyo ta ƙofar garin, shi ma iska ce ta yanke hukunci. A 1868 gwamnatin Tokugawa ta faɗi, amma mataimakin shugaban rundunar ruwanta, Enomoto Takeaki, ya ƙi miƙa jiragensa, ya gudu da su Ezo. Abin alfaharinsa shi ne Kaiyo Maru, jirgin yaƙin da aka ƙera a Dordrecht ta ƙasar Holan, wanda bai fi shekara biyu da isowa Japan ba. A ƙarshen shekarar ya kawo shi Esashi don ya dafa wa sojojinsa na ƙasa, ya tarar mayaƙan Matsumae sun riga sun janye. Da dare guguwa ta taso, anga ta kasa riƙe ƙasan dutse, jirgi ya daki tudun ruwa, bayan 'yan kwanaki ya nutse a gaban idon masu shi. A Esashi ba a harba masa ko harsashi ɗaya ba. Da bazara sojojin sarkin Japan suka sauka a Otobe, arewa kaɗan da Esashi, Enomoto ya miƙa wuya a Hakodate a 1869, a shekarar kuma aka canza wa Ezo suna zuwa Hokkaido. Daga 1975 masu nutso suka shiga tono gawar jirgin, suka fito da kaya sama da 30,000, daga igwa har cokali. A 1990 aka gina kwafinsa a bakin tasha, nan ake ajiye su.

Sabon zamani bai kashe Esashi nan take ba. An mai da ita hedikwatar yanki, ofishin gunduma da aka gina a 1887 yana nan har yau a kan tudu. Kamun nishin a Hokkaido baki ɗaya ma sai a 1897 ya kai ƙololuwarsa, tan kusan 970,000 a shekara guda. Amma ƙafafun da garin ke tsaye a kansu sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wayar tangaraho ta sa farashin Osaka ya riga jirgi isowa, sirrin mai kitamaebune ya tonu. Jirgi mai tururi ya fi son tasha mai zurfi irin ta Hakodate da Otaru. Audugar waje mai araha ta durƙusar da ta gida, shuɗin kanti na Turai ya karya baba, tunkuzar waken soya daga Manchuriya da takin zamani suka ƙwace kasuwar takin kifi. Sannan kifin kansa ya ɗauke ƙafa. Daga wajen 1900 ya riƙa raguwa, a 1913 aka ga kuki na ƙarshe a Esashi. Garken ya yi ta matsawa arewa, masunta na binsa, Otaru da Yoichi suka ci nasu rabon, Mashike da Rumoi suka ci nasu, zuwa tsakiyar shekarun 1950 ya ɓace daga gaɓar gaba ɗaya. Masana na ambaton kamun da ya wuce kima, da ɗumamar ruwan teku, wasu na ƙarawa da sare dazuzzukan gaɓa. Masu yanke taru na 1855 ba su da ma'aunin zafin ruwa, amma ba a banza suka yi fushi ba.

Jirgin ƙasa ya iso Esashi a 1936, shekara 23 bayan tafiyar abin da zai ɗauka. Jama'ar garin ta haura 15,000 a shekarun 1960, daga nan sai gangara, matasa na tafiya Hakodate da Sapporo da Tokyo. A watan Mayun 2014 aka rufe layin dogon da ya haɗa ta da Kikonai. Yanzu abin da ke riƙe da garin shi ne ofisoshin gwamnatin yankin Hiyama, da ɗan kamun wasu halittun ruwa, da noman shinkafa da dankali a filin arewa, da baƙin da ke zuwa kallon tsohon titi. Tabakazen da ta nutsar da Kaiyo Maru tana juya fankokin samar da lantarki a kan tudu.

Abin da bai tafi da kifi ba shi ne abin da aka ƙirƙira don gode masa. A almarar garin, wata tsohuwa ce mai suna Orii ta karɓi wata 'yar kwalba daga hannun wani dattijo, ta tsiyaya ruwanta a teku, ruwa ya yi fari, kifi ya zo. Kwalbar, in ji su, ita ce dutsen nan mai siffar tulu a kife da ke tsaye a gefen Kamome, wanda duk watan Yuli samari ke shiga ruwa su canza masa ƙatuwar igiyar da aka naɗa masa. Wurin bautar Ubagami da ake dangantawa da tsohuwar yana da biki daga 9 zuwa 11 ga Agusta, wanda ya haura shekara 370. Amalanke 13 masu ado ake ja a titunan garin, da ganguna da sarewa, ɗaya an yi shi da siffar jirgin fatake, wani kuma mutum-mutumin da ke kansa tun 1754 aka kawo shi daga Kyoto. A kwanakin nan uku 'yan garin da ke birane kan dawo gida, tituna su cika. An shafe fiye da ƙarni ana godiyar kamun da ba a yi ba, ba a kuma fasa ba.

Sai waƙar Esashi Oiwake. Asalinta ta masu jan dawakin kaya ce a tsaunukan Shinano, lardin Nagano na yau, inda ba a ko jin ƙamshin teku. Ta gangaro gaɓar Echigo, matuƙan jirage suka ɗauke ta, ta sauka a mashayun Esashi ta sake kama. Gajeriyar magana ce ake ja a hankali, gaɓa bakwai, kowace da numfashi ɗaya, murya na hawa tana sauka, ana rakiya da sarewar gora. Ko alamar da ake koyar da ita ba irin ta kiɗan Turawa ba ce, layi ne mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Tun 1963 ake gasarta ta ƙasa baki ɗaya a garin duk watan Satumba, mutane na shekara da shekaru suna gyara numfashi saboda waƙar da ba ta kai minti uku ba.

A ranar 26 ga Fabrairun 2017 aka ga ruwan da ke kusa da tsibirin Kamome ya canza launi. Tun shekarun baya ƙungiyoyin masunta na yankin ke ƙyanƙyasar 'ya'yan nishin suna saki a teku, ba tare da wani ya yi alkawarin komai ba. Aka duba ciyawar ƙarƙashin ruwa, aka tarar da ƙwai manne a jikinta. Kuki ne, na farko cikin shekara 104. Farin bai kai faɗin na da ba, kifin da ake samu yanzu kuma na tukunyar miya ne, ba mai dafa shi don gona. Mutanen da suka tsaya a kan gaɓa ran nan sun san sunan abin tun suna yara, daga bakin kakanni da allunan gidan tarihi, amma a cikinsu babu wanda ya taɓa ganinsa da idonsa.